Likita Barau Dikko, Likitan Farko na Ƙasar Arewa

A kwanakin nan samari da 'yan mata da yawa daga ƙasar Karaye da Rogo suna tafiya manyan makarantu. Waɗansu suna koyon aikin jinya, waɗansu kuwa ilmin siyasa, watau sanin yadda a ke tafiyad da mulkin ƙasa. Iyaye su kan yi murna da na fari, amma su yi fargaban na biyu, gama suna ganin jinya aikin jinƙai ne, siyasa kuwa ba ta dace da mai bi ba. Domin haka ya kamata mu duba zaman wani maƙwabcinmu na ƙasar Zazzau, wanda ya sa hannu cikin ayyukan nan biyu, bai kuwa ɓata sunansa ba.

An haifi Russell Aliyu Barau Dikko a ƙasar Zazzau cikin shekara ta 1912. A lokacin nan Likita Walter Miller na mishan C.M.S. yana zaune a birnin Zariya tun 1905, yana ba da magani, yana kuma koya wa yara karatu. Shi ne ya yi babban aiki wajen juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932. Daga baya mishan ta ƙaura daga cikin birni zuwa Wusasa, inda asibitin Luka Mai Tsarki ya ke. Cikin wannan ƙaramar jama'a ta Hausawa da Fulani masu bi Barau ya tashi, a makarantarsu kuma ya fara karatu.

Da ya gama, sai aka aike shi King's College ta Ikko, daga can kuma ya haye teku zuwa Jami'ar Birmingham ta Ingila, ya koyi aikin likita. A 1940 ya shiga aikin Gwamnati. Kafinsa babu wani ɗan Arewa ko ɗaya da ya sami wannan ilmi, sai Turawa da mutanen Kudu.

Ku tuna da halin da ƙasarmu ta ke ciki a zamanin nan. Agana ta kan ratsa gari ta bar makafi da marayu. Sanƙarau ya kan zo da bazara. Ciwon barci ya yi ɓarna a ƙasar Zazzau har Gwamnati ta ta da ƙauyuka a wajen Anchau, ta gina sabon gari mai suna Takalafiya. Kurkunu ya kan kwantar da manomi daidai lokacin shuka, ga kuturta, ga tsargiya. Likitoci kuwa ba su taka kara sun karya ba, saboda haka nauyin aiki yana bisa masu jinya, da ungozomomi, da malaman ɗakin magani na En'e, da duba-gari. Wanda ya ke aiki tare da irin waɗannan mutane ba ya daɗewa sai ya gane maganar cuta ba ta ƙarewa a ƙofar asibiti. Idan gari ba shi da rijiya mai kyau, ko an warkad da mai kurkunu bana, baɗi zai komo. Haƙa rijiya kuwa, da gina makaranta, da gyaran hanya, a majalisa a ke shawararsu.

A 1948 'yan boko na Zariya da na Kaduna suka fara taruwa domin su yi shawara a kan ci gaban ƙasarsu. Likita Dikko ne ya ke gaba a Zariya, Malam D. A. Rafih kuwa a Kaduna. Ƙungiyoyin biyu suka haɗu suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, aka yi babban taronta na fari a Kaduna cikin watan Yuni 1949, aka zaɓi Likita Dikko shugaba. Cikin waɗanda suka riƙe muƙami tare da shi akwai Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano. Abin lura, yawancinsu Musulmi ne, amma suka yarda Kirista ya shugabance su, domin sun ga ilminsa da amincinsa. Abin da suka ƙudura shi ne yaƙi da mugayen abu uku, jahilci da lalaci da zalunci. Ko wane mai jinya ya san ukun nan. Jahilci ya kan hana uwa kai ɗanta rigakafi, lalaci ya kan bar kwata a ƙofar gida, zalunci kuwa shi ne a sayar wa talaka maganin da aka ba shi kyauta.

Amma tafiya ba ta yi nisa ba sai ra'ayi ya rabu. Samarin Kano masu son a gyara mulkin En'e da sauri suka kafa NEPU a watan Agusta 1950, suka rabu da jam'iyyar bayan taron Jos na ƙarshen shekarar. A 1951 kuma sabon tsarin mulki na Gwamna Macpherson ya kawo zaɓe, aka mai da Jam'iyyar Mutanen Arewa jam'iyyar siyasa sosai cikin watan Oktoba, ita ce a ke kira NPC. To, doka ba ta yarda ma'aikacin Gwamnati ya shugabanci jam'iyyar siyasa ba, gama shi bawan kowa ne, mai goyon jam'iyya da mai hamayya duka. Hanya biyu ke nan a gaban Likita Dikko, ko ya bar asibiti ko ya bar kujera. Ya bar kujera. Sardauna Ahmadu Bello da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka shigo, jam'iyyar da ya reno tun tana jaririya ta zo ta mulki Jihar Arewa, shi kuwa yana can wurin marasa lafiya. A 1953 ya zama babban likita, a 1960 kuma aka ɗora shi bisa sashen yaƙi da cututtukan da suka zauna a ƙasa, cikin Ma'aikatar Lafiya ta Arewa.

Wanda ya bar girma saboda aiki, girma ya kan biyo shi. A 1967, sa'ad da ƙasa ta ke bakin yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon, wanda shi ma a Wusasa ya tashi, ya kira shi ya zama Kwamishinan Ma'adinai da Wutar Lantarki na Tarayya. Yana riƙe da ma'aikatan nan aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968. A 1971 aka mai da shi Kwamishinan Sufuri. Ya rasu a 1977. Asibitin Kaduna da a dā a ke kira Nasin Hom yanzu sunansa ya ke ɗauke da shi, ya kuma zama asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna. Agana ta ƙare a duniya, an tabbatad da haka a 1980, a 2013 kuma aka shaida Nijeriya ta rabu da kurkunu. Aikin nan na mutane da yawa ne, masu allura da masu shawara tare.

To, 'yan'uwa, kada mu raina ko ɗaya cikin karatun nan biyu. Ke da ki ke koyon jinya, ki san yadda ƙaramar hukuma ta ke kasafta kuɗinta, domin ki iya tambaya sa'ad da magani ya yanke a ɗakin magani na ƙauyenku. Kai da ka ke koyon siyasa, ka riƙa leƙa asibiti ka ga waɗanda shawarar majalisa ta ke faɗa wa. Ran da kujera ta yi karo da aikin da aka danƙa muku, ku tuna da abin da Likita Dikko ya yi a 1951. Allah ya ta da irinsa daga cikin 'ya'yanmu. Amin.