William Haddon: Likitan da ya ɗauki haɗarin mota tamkar annoba

Kafin shekarun 1960, idan mota ta yi haɗari a Amurka, direba ake ɗora wa laifi, magana ta ƙare. Dokta William Haddon na cikin waɗanda suka sauya wannan tunani.

An haife shi a 1926, ya karanci aikin likita a Jami'ar Harvard, sannan ya yi aiki a ma'aikatar lafiya ta jihar New York. A can ya fara nazarin haɗurran hanya kamar yadda ake nazarin annoba: su wa abin ke samu, yaushe, kuma a ina.

A 1966 Shugaba Lyndon Johnson ya naɗa shi shugaban farko na hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya. A zamaninsa aka wajabta wa kamfanoni sanya bel ɗin kujera a sababbin motoci.

An fi saninsa da wani jadawali mai ɗauke da sunansa, wanda ke duba direba da mota da hanya a lokuta uku: kafin haɗari, lokacin haɗari da bayansa. Ko da direba ya yi kuskure, ingancin mota da hanya da saurin kai agaji na iya ceton rai.

Daga 1969 ya jagoranci cibiyar bincike ta IIHS, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta. Nan ne aka mai da hankali kan matasa. Lokacin da jihohi da dama suka rage shekarun da doka ta yarda a sayi giya, masu binciken cibiyar sun nuna mace-macen matasa direbobi sun ƙaru, kuma sun ragu inda aka sake ɗaga shekarun. Wannan na cikin hujjojin dokar 1984, wadda ta matsa wa jihohi su mayar da shekarun 21.

Wani binciken a jihar Connecticut ya gano cewa koyar da tuƙi a sakandare na sa 'yan shekara 16 da 17 karɓar lasisi da wuri, sai haɗurransu su ƙaru. Dabarar da kowa ke yabo ta gaza da aka auna ta.

Haddon ya rasu a 1985 yana da shekara 58. Har yanzu ana koyar da jadawalinsa a fannin kiwon lafiyar jama'a.