Edsger Dijkstra: Masanin da ya koya wa ayyukan kwamfuta bin layi

A duk lokacin da babbar kwamfutar wani banki ko kamfanin jiragen sama ta gudanar da dubban ayyuka a lokaci guda ba tare da sun ci karo da juna ba, to akwai hannun wani masani ɗan ƙasar Holan a ciki, wato Edsger Wybe Dijkstra, wanda ya rasu a shekarar 2002.

Yana cikin mutanen farko da suka bayyana ta hanyar lissafi dalilan da ke sa ayyuka su sarƙe a cikin kwamfuta, tare da nuna yadda za a magance hakan tun daga tushe.

Tasowarsa

An haifi Dijkstra a birnin Rotterdam ranar 11 ga watan Mayun 1930. Mahaifinsa malamin ilimin sinadarai ne, mahaifiyarsa kuma gwanar lissafi ce.

Da fari ya so ya karanci shari'a domin ya wakilci ƙasarsa a Majalisar Ɗinkin Duniya, amma daga bisani ya shiga Jami'ar Leiden inda ya karanci kimiyyar fizik.

A shekarar 1951 ya halarci wani kwas na tsara wa kwamfuta umarni a Jami'ar Cambridge ta Ingila, sannan a watan Maris na 1952 ya kama aiki a Cibiyar Lissafi ta Amsterdam. Ana ɗaukarsa a matsayin mutum na farko a Holan da ya riƙi wannan aiki a matsayin sana'a.

Saboda sabuntar sana'ar, lokacin da ya zo yin aure a 1957, hukumomi sun ƙi rubuta ta a takardar aurensa, bisa hujjar cewa babu irin wannan sana'a. Dole aka rubuta shi a matsayin masanin fizik.

A 1956 ne ya ƙirƙiro dabarar gano hanya mafi kusa tsakanin garuruwa biyu, wadda aka wallafa a 1959, kuma har yau take ɗauke da sunansa.

Kuskuren da ba ya maimaituwa

A zamanin farko, manyan kwamfutoci masu cika ɗaki suna karɓar ayyuka ne ɗaya bayan ɗaya. Idan aiki ya tsaya jiran na'urar buga takardu, sai ƙwaƙwalwar kwamfutar ta zauna haka nan, alhali an kashe maƙudan kuɗi wajen sayenta.

Don kauce wa wannan asara, sai aka ɓullo da hanyar katse aiki a tsakiyarsa, a miƙa ƙwaƙwalwar ga wani aikin, daga baya a dawo. Dijkstra ya tsara irin wannan ga kwamfutar X1 ta kamfanin Electrologica, kuma a kan hulɗa da kwamfuta ya rubuta kundin digirinsa na digirgir a Jami'ar Amsterdam a 1959.

Sai dai wannan ci gaba ya zo da wata sabuwar matsala. A da, idan an yi kuskure, da zarar an sake gudanar da aikin sai kuskuren ya sake fitowa a daidai inda ya fito, a kama shi. Amma yanzu kuskuren ya danganta ne da daidai lokacin da aka katse aikin, don haka yana iya aukuwa yau, a yi watanni bai sake bayyana ba.

Alal misali, ayyuka biyu na iya duba na'urar buga takardu kusan a tare, kowanne ya ga babu mai amfani da ita, sai su afka mata gaba ɗaya, sakamakonsu ya cakuɗe.

Ko kuma aiki na farko ya riƙe na'urar faifai yana jiran ta buga takardu, na biyu kuma ya riƙe ta buga takardu yana jiran ta faifai. Babu mai saki, babu mai ci gaba. Dijkstra ya kira wannan kiki-kaka da rungumar ajali.

Maganin da ya kawo

A 1962 aka naɗa shi farfesan lissafi a Jami'ar Fasaha ta Eindhoven. A can ne shi da wasu 'yan tsirarun abokan aikinsa suka gina babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar X8, wadda suka raɗa wa suna THE.

Ya ƙirƙiro wata alama da ya kira semafo, sunan da ya aro daga alamar da ke ba jirgin ƙasa hanya. Duk aikin da ke son wata na'ura sai ya nemi izini daga alamar. In an riga shi, ya jira a layi, har wanda ke kai ya gama ya sake ta. Muhimmin abu shi ne, dubawa da karɓar izini na gudana ne a mataki guda da ba a iya katsewa.

Game da kiki-kaka kuwa, ya kawo dabarar ma'aikacin banki: ba a ba wani aiki abin da ya nema sai an tabbatar cewa abin da ya rage zai isa kowane aiki ya kammala, ɗaya bayan ɗaya.

A 1965 ya ba ɗalibansa wata tambayar jarrabawa a kan kwamfutoci biyar masu takarar na'urorin faifai. Masanin nan na Birtaniya, Tony Hoare, ya mayar da ita labarin masana falsafa biyar da ke zaune a teburi da cokula biyar, kowa na buƙatar biyu kafin ya ci abinci. Idan kowa ya ɗauki na hagunsa ya tsaya jiran na dama, to duka za su kwana da yunwa. Har yanzu ana koyar da wannan misali a jami'o'i.

Ya kuma kasa manhajar THE hawa-hawa. Hawa na ƙasa na raba ƙwaƙwalwa tsakanin ayyuka, na samansa na kula da ma'ajiya, haka har zuwa ayyukan masu amfani da kwamfutar. Kowane hawa na dogara ne kawai da na ƙasansa, don haka ana tantance shi kafin a ɗora wani.

A rahoton da ya wallafa a 1968, ya ce kurakuran da aka gani a lokacin gwaji ƙananan kurakuran rubutu ne, kimanin ɗaya a cikin kowane umarni 500, kuma an gano kowanne a cikin minti 10.

Daga nan ne ya tsaya a kan ra'ayin da aka fi saninsa da shi, cewa gwaji na iya nuna akwai kuskure, amma ba zai taɓa tabbatar da cewa babu shi ba. A ganinsa, wajibi ne a kafa hujjar ingancin manhaja tun ana tsara ta.

Ƙarshen rayuwarsa

Ba kowa ne ya yarda da shi ba. Wasu masu sana'ar sun ce hanyarsa ta yi tsauri ga manyan ayyukan kamfanoni, wasu kuma sun zarge shi da kaifin harshe, musamman kan sukar da ya yi wa wasu harsunan kwamfuta irin su COBOL da FORTRAN.

Duk da haka, a 1972 an ba shi lambar yabo ta Turing, wadda ita ce mafi daraja a fannin. A 1973 ya koma mai bincike na kamfanin Burroughs, yana aiki daga gidansa a garin Nuenen, sannan a 1984 ya tafi Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka, inda ya yi ritaya a 1999.

Ya bar rubuce-rubuce sama da 1,300, da yawansu da hannu ya rubuta su da alƙalamin tawada, yana aika wa abokan aikinsa kwafinsu.

Dijkstra ya rasu a Nuenen ranar 6 ga watan Agustan 2002 bayan fama da cutar daji, yana da shekara 72. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku.