Johann Bessler da Wilin da Aka Ce Ba Ya Tsayawa

Johann Ernst Elias Bessler Bajamushe ne da ya yi suna a farkon ƙarni na 18 saboda da'awar da ya yi cewa ya ƙera wili wanda zai yi ta juyawa da kansa, ba tare da turin mutum ko dabba ba, kuma ba da ƙarfin ruwa ko iska ko wuta ba. A faɗarsa, wasu abubuwa masu nauyi da ya shirya a cikin wilin su ne kaɗai ke juya shi.

An haife shi wajen shekarar 1680 a yankin Zittau na ƙasar Saksoni, cikin Jamus ta yau. Iyayensa talakawa ne manoma. Bayan ya yi karatu a Zittau sai ya shiga yawon duniya, ya taɓa sana'ar ba da magani, ya kuma koyi aikin agogo. Bai sami sararin zama ya yi ƙere-ƙere ba sai da ya auri 'yar wani likita mai hali, wanda shi ne magajin garin Annaberg. Duniya ta fi saninsa da laƙabin Orffyreus, kuma yadda ya samo laƙabin ya nuna irin son ɓoye abu da ke gare shi. Ya raba baƙaƙen boko 26 gida biyu, ya musanya kowane harafi na sunansa da wanda ke gabansa ko bayansa da harafi 13. Ta haka B ta koma O, E ta koma R, S ta koma F, L ta koma Y, R kuma ta koma E, sai Bessler ya zama Orffyre, ya ƙara masa ɗafin Latin a ƙarshe.

A shekarar 1712 ya nuna wilinsa na farko a garin Gera. Daga nan ya ƙera waɗanda suka fi shi girma a Draschwitz da Merseburg. Mashahurin masanin lissafin nan Leibniz ma ya je ya ga ɗaya daga cikinsu. Siffar wilin kamar ta babbar ganga ce, an lulluɓe shi yadda ba mai iya ganin cikinsa. Idan yana juyawa, akan ji ƙarar abubuwa masu nauyi suna faɗuwa a ciki.

Labari ya kai kunnen Karl, mai mulkin Hesse-Kassel, ya jawo Bessler a jiki, ya ba shi wuri a fadarsa ta Weissenstein. A nan ne ya ƙera wili mai faɗin ƙafa 12. Ranar 12 ga Nuwamba, 1717, aka tayar da wilin, aka kulle ɗakin da yake ciki, aka buga wa ƙofar hatimi. Bayan mako biyu aka buɗe, aka tarar yana juyawa. Aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai ranar 4 ga Janairu, 1718, aka kuma same shi yana juyawa sau 26 a minti ɗaya. Gani ya kori ji, amma abin da shaidu suka gani bayan wilin ne kawai da ƙofa a kulle. Cikinsa, inda amsar take, Bessler bai yarda masana su duba ba. Ya ce duk mai son sirrin sai ya biya fam 20,000, kuɗin da ba mai iya fitar da su a lokacin sai sarakuna. Sarkin Rasha, Peter Babba, ya nuna sha'awa, amma ya rasu a 1725 ba a ƙulla ciniki ba.

A 1721 wani farfesa na Jami'ar Leiden da ke Holan, Willem 's Gravesande, ya duba wilin ta waje, bai ga wata alamar maguɗi ba, har ya rubuta wa Isaac Newton wasiƙa a kai. Maimakon Bessler ya yi murna, sai ya zargi farfesan da neman satar sirrinsa, ya farfasa wilin da hannunsa. Bayan shekara 6, a cikin Nuwamba 1727, wata mai aikin gidansa ta ba da shaida a gaban hukuma cewa daga ɗakin da ke maƙwabtaka ake juya wilin a ɓoye, kuma ita da matar Bessler da ɗan'uwansa da shi kansa suke karɓa-karɓa. 's Gravesande bai amince da shaidarta ba, amma daga nan martabar Bessler ta zube.

Ko an gaskata mai aikin ko ba a gaskata ta ba, wilin ba zai yiwu ya yi aiki yadda mai shi ya faɗa ba. Dabarar irin wannan wili tsohuwa ce, domin Bhaskara na biyu ya bayyana irinta a Indiya wajen 1150, Villard de Honnecourt kuma ya zana tasa a Faransa a ƙarni na 13. Tunanin shi ne a sa nauyin da ke sauka ya yi nesa da tsakiyar wili, wanda ke hawa kuma ya matso kusa, domin gefe ɗaya ya riƙa rinjaya kullum. Kuskuren yana nan: duk nauyin da ya sauko dole ne a mayar da shi inda ya fito kafin ya sake saukowa. Dutse yakan gangaro daga kan tudu ba wahala, amma ƙarfin da ya bayar wajen gangarowa daidai yake da wanda za a kashe wajen mayar da shi sama, ko an bi miƙaƙƙiyar hanya ko an yi kewaye. Idan wili ya kammala zagaye ɗaya, kowane nauyi ya dawo mazauninsa, ribar da aka samu daga janyowar ƙasa sifili ce. A lokaci guda kuma gogayyar sandar tsakiya da iskar da wilin ke ratsawa suna rage masa ƙarfi a kowane zagaye, har ya tsaya. Wilin da ruwa ke juyawa ya sha bamban, domin zafin rana ne ke ɗaga ruwa zuwa gajimare, ya zubo a kan tsaunuka ya gangaro.

A zamanin Bessler ba a riga an tsara wannan bayani a matsayin doka ba, shi ya sa masana na ƙwarai suka yi ta kokwanto. A 1775 Majalisar Masana Kimiyya ta Paris ta yanke cewa ba za ta ƙara duba irin waɗannan injuna ba. A tsakanin 1842 da 1847 ne ayyukan Mayer da Joule da Helmholtz suka kafa dokar da ta ce ba a ƙirƙirar makamashi, ba a kuma hallaka shi, sai dai ya sauya kama.

Bessler ya ƙarasa rayuwarsa bai sayar da sirrin ba, bai kuma bayyana shi ba. Ya rasu a 1745 a garin Fürstenberg, bayan ya faɗo daga kan wani injin niƙa mai aiki da ƙarfin iska da yake ginawa.