Shehu Muhammadu al-Kashinawi, Masanin Lissafin Wafaƙi

Da sunan Allah muke farawa. A bana ustazun hisabi ya koya mana warware lamba zuwa awamil awwaliyya, wato lambobin da ba su rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Wasunmu suka ce wannan ilimin Turawa ne. Shi ya sa muka kawo tarihin wani malami daga ƙasar kakanninmu.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wato Bakatsine. Ya yi karatu a wajen malaman Hausa da Barno, cikinsu har da Shehu Muhammadu al-Wali na Bagarmi, ya ƙware a nahawu da fiƙihu da hisabi. Wajen shekarar 1730 ya kama hanyar hajji. Bayan ya sauke farali ya zauna a Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin Abdurrahman mai littafin tarihin Masar.

Abin da ya fi shahara da shi shi ne ilimin wafaƙi, kuma littafinsa Bahjatul Afaƙ a kansa yake. Mu a Wad Haddad mun saba ganin hatimi a allo, amma kaɗan ne suka san lissafi ne tsantsa a cikinsa. Shehu ya bayyana hanyoyin jera wafaƙi mai gidaje mara, kamar uku-uku da biyar-biyar. Ku duba: a mai uku-uku, lambobi 1 zuwa 9, kowane layi 15 yake bayarwa, a tsaye ko a kwance ko a karkace. Warware 15, sai ka sami 3 × 5: uku yawan gidajen layi, biyar kuwa tsakiyar lambobin. A mai biyar-biyar jimla 65 ce, wato 5 × 13, kuma 13 ce tsakiyar 1 zuwa 25. Mun gwada mai bakwai-bakwai a aji, muka sami 175, wato 7 × 25, sai dai ita 25 ta sake rabuwa 5 × 5. Wallahi sai da muka goge allo sau uku kafin ya daidaita.

Shehu bai koma Katsina ba. Ya rasu a Alƙahira a 1154 Hijiriyya, daidai da 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Kakanninmu ma da niyyar Makka suka fito, ƙasa ta riƙe su a nan bakin Bahar Azraƙ. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan su.