Gottlieb Haberlandt, wanda gwajinsa ya ƙi amma maganarsa ta tabbata

In ka taɓa ganin an yanki karan rogo a Fakku an dasa ya tsiro, to ka kama rabin tunanin Gottlieb Haberlandt. Wannan masanin tsirrai, haifaffen Hungari a 1854, ya yi imanin cewa ba ma kara ba, ƙwayar halitta guda ta isa ta fitar da cikakken tsiro.

Yana koyarwa a jami'ar Graz ta Ostiriya ne ya ciro ƙwayoyin ganye, ya zuba su cikin ruwan sinadarai da sukari. Sun yi makonni da rai, sun kumbura, amma ko ɗaya ba ta rabu biyu ba. Ba sakacinsa ba ne fa: lokacin ba a gano sinadaran da ke sa su rabuwa ba. Duk da haka ya wallafa sakamakon a 1902, ya nace cewa abin zai yiwu.

Ya rasu a Berlin a 1945 bai gani ba. Sai a 1958 Frederick Steward ya fitar da karas ta wannan hanya. Itatuwa masu ganye kamar allura, waɗanda reshen tsofaffinsu ke ƙin yin saiwa, sun fi gardama: sai a 1985 masana a Suwidin suka samu 'ya'yan tsiron ɗayansu a ɗakin gwaji.