Babban Gwani Muhammadu Durugu, Maginin Masallacin Zariya

'Yan'uwa mazauna Sabon Ibadan da Agege, ko kun san wanda ya gina tsohon Masallacin Juma'a na Zariya? Shi ne Muhammadu Durugu, mai sarautar Babban Gwani, wato shugaban magina. Ya yi wannan aiki a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Ba siminti, ba ƙarfe. Da tubali ya tayar da ginshiƙai, ya ɗaura musu bakan gizo, ya rufe da tulluwa. Doguwar azara ba ta jure nauyin ƙasa, saboda haka ya jera gajeru, kowace ta ɗara ta ƙarƙashinta, har baka ya haɗu.

An ce Sarkin Birnin Gwari ya sa shi ginin masallaci, sa'an nan ya kashe shi don kada wani ya sami irinsa.

A shekarun 1970 aka kewaye aikinsa da sabon ginin siminti, amma an gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Wanda hanyar gida ta bi da shi Jos, ya tsaya ya gani. Allah ya jiƙan gwani, amin.