Nataniyel Kleitman, Malamin Da Ya Bi Diddigin Barci

Hausawa kan ce barci ƙanin mutuwa ne, haka kuma masu ilmi na Turai suka daɗe suna zato, wai in mutum ya kwanta ƙwaƙwalwarsa kan ɗauke kamar an busa fitila. Ina so in ba 'yan'uwana na wannan kwalej labarin mutumin da ya nuna ba haka abin ya ke ba, domin mu da za mu tsaya gaban yara gobe muna da abin tsinta a ciki.

An haifi Nataniyel Kleitman cikin 1895 a garin Kishinef, wanda a lokacin ya ke ƙarƙashin mulkin Rasha. Iyayensa Yahudawa ne, zaman Yahudawa a garin kuwa ba na jin daɗi ba ne. Ya bar gida yana saurayi, ya fara koyon aikin likita a Bairut, sai Yaƙin Duniya na Farko ya tashe shi. Cikin 1915 ya sauka Amurka ba shi da ko anini. Bai karaya ba, ya yi ta karatu har ya sami babbar digiri a Jami'ar Shikago cikin 1923, ya zama malami a can, ya buɗe ɗaki musamman don binciken barci. A zamanin nan kuwa abokan aikinsa ba su ɗauki barci abin da babban malami zai ɓata lokaci a kansa ba.

Da kansa ya kan fara gwada kome. Ya kan hana idonsa barci kwana da kwanaki don ya ga abin da zai auku ga jiki da hankali. 'Ya'yansa mata biyu ma tun suna jarirai ya ke rubuta lokacin kwanciyarsu da na tashinsu.

Cikin 1938 shi da wani ɗalibinsa mai suna Richardson suka shiga wani ƙaton kogo a jihar Kentaki, inda ba a sanin dare ko rana, suka yi kwana 32. Suka tsara wa kansu yini mai sa'a 28 maimakon 24, suna auna zafin jikinsu a kai a kai. Ɗalibin, da ya ke saurayi ne, ya saba da sabon tsarin, amma Kleitman mai shekara 43 jikinsa ya ƙi, zafinsa ya yi ta hawa da sauka bisa lissafinsa na dā. Ashe akwai agogo a cikin jikin ɗan Adam, ba kuwa a juya shi yadda aka ga dama. Cikin 1939 ya fitar da babban littafinsa a kan barci da farkawa.

Abin da ya fi ɗaukaka sunansa ya zo cikin 1953. Ya sa wani ɗalibi, Aserinsky, ya lura da idanun masu barci da na'ura mai zana aikin ƙwaƙwalwa a kan takarda. Aserinsky ya fara da ɗansa mai shekara takwas. Sai ga abin mamaki: can cikin dare idanu kan yi ta kai da kawowa da sauri a ƙarƙashin fatar ido, ƙwaƙwalwa tana aiki kamar ta wanda ke farke. Sau 27 suka tā da mutane a daidai wannan lokaci, sau 20 suka ba da labarin mafarki filla filla. Da aka tashe su sau 23 sa'ad da idanu ke kwance, sau 19 ba su tuna kome ba.

Daga baya, cikin 1957, shi da wani ɗalibin nasa, Dement, suka nuna barci hawa hawa ne. Ana farawa da gyangyaɗi, a shiga barci marar nauyi, a nutse cikin mai nauyi, sa'an nan a zo ga barcin mafarki. Zagaye ɗaya ya kan ɗauki kamar sa'a ɗaya da rabi, a maimaita sau huɗu ko biyar kafin gari ya waye. Kleitman ya bar aiki cikin 1960, ya rasu a Kalifoniya cikin 1999 yana da shekara 104.

Wannan ilmi bai tsaya Amurka ba. Dattawa a nan ƙasar Abuja sun san tsando, sun kuma san ciwon barci da cizonsa ke kawowa, wanda ya addabi Arewa a shekarun 1930 har aka sare kurmin rafuka a ƙasar Anchau ta lardin Zariya, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Da likitoci suka auna masu wannan ciwo da irin na'urar su Kleitman, sai suka tarar agogon jikinsu ne ya rikice: su yi gyangyaɗi da rana, su farka da dare, su kan kuma faɗa barcin mafarki da zarar sun rufe ido. Ta wannan hanya kuma aka gane cutar masu minshari mai ƙarfi da numfashinsu kan tsaya cikin barci, aka kuma ga ƙarancin barci na tafiya tare da hawan jini da ciwon sukari.

To, jama'a, ga rabonmu. An tabbatar cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana, cikin barci mai nauyi kuma jikin yaro ke fitar da sinadarin girma. Sabo da haka wanda ya kwana zaune da littafi daren jarrabawa kamar mai ɗiban ruwa da kwando ne. Likitoci sun ce babba ya sami sa'a 7 ko fiye, yaro ɗan firamare kuwa sa'a 9 zuwa 12. In muka fita koyarwa muka ga yaro yana gyangyaɗi kullum a aji, mu ajiye bulala tukuna, mu tambayi yaushe ya ke kwanciya, wane aiki ya ke yi da dare, ko yana minshari. In abin ya ƙi ƙarewa, mu shawarci iyayensa su kai shi asibiti.